Fankar Baya

Ranar Talata ce da hantsi, saura kwana huɗu a ɗauki azumi. Ina zaune a shagona a Maradi, akwatin kwamfuta a buɗe kan tebur, turnabis ɗin kwance noti a hannun dama, ƙaramar fanka a hannun hagu. Waya ta yi ƙara, na ga sunan Yaya Habu. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Hadiza, sai haƙuri. Baba ya cika." Na yi salati, na mayar da fankar cikin ledarta, na rufe shago, na nemi motar Madarumfa. A hanya ban yi kuka ba. Ƙamshin hayaƙi ne kawai ya yi ta dawo mini a hanci.

Mahaifinmu mai bandar kifi ne. Gidanmu bai da nisa da tafki, kuma murhun bandarsa yana bayan gida, da hannunsa ya gina shi da laka. Kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, sai na share tsakar gida, na ba awaki dusa, na kwaso masa karan dawa. In na dawo, na tarar masunta sun kawo tarwaɗa da karfasa, sai mu zauna da Inna muna feɗewa muna wankewa, ƙudaje na bin mu, kyanwar maƙwabta na kewaya kwano. Ƙawayena suna ƙofar gida suna ƴar carafke, suna kirana, ni kuwa hannuna duk ƙarni. Baba ba ya barin kowa ya jera masa kifi a kan raga. Shi yake yi, yana barin tazarar yatsa biyu tsakanin kowane kifi da ɗan'uwansa. A gindin murhun akwai ƙaramar kafa ta wajen da iska ke busowa, a sama kuma yana rufewa da tsohon kwano, ya bar ɗan gefe a buɗe. Yakan ce, "Iska baƙuwa ce. In ba ta ga ƙofar fita ba, ba ta shigowa." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana Hadiza ba. Uwata yake ce mini.

Ina aji shida Yaya Habu ya haɗa kwamfuta. Guntu-guntu ya tara kayanta, wasu daga Maradi, wasu direbobi suka zo masa da su daga Katsina ta Ɗan Issa. Ya ajiye ta a zaure yana buga wa mutane takardu. Na ƙwallafa rai a kanta. Na yi ta roƙo har ya yarda in riƙa goge ta duk ranar Alhamis, ya nuna mini yadda ake kwance murfi, ya ce in na iya wannan zai koya mini sauran. Amma ya gindaya sharaɗi: ranar da na ɓata wani abu, ni da ita har abada. Inna dama ba ta so. Ta ce ɗiya mace da turnabis, sai ka ce makaniken tasha.

Da bazara ta kama, zauren ya zama kamar tanda. Wata Alhamis Yaya ya tafi Safo, na buɗe akwatin, na taɓa cikinsa na ji zafi. Fanka biyu ce a jiki, ɗaya a gaba daga ƙasa, ɗaya a baya daga sama. Na kara hannu na ji ta gaba tana hura iska ciki, ta baya kuwa waje take hurawa. Sai na ce a raina, ashe Yaya ya yi kuskure. Mu da muke neman iska, wa zai juya fanka ta kalli waje? Na kwance ta baya na juya ta. Sauran ƙananan kafofin akwatin kuma na toshe su da tsumma don kada sanyin ya tsere. Na mayar da murfi ina jin kaina wata gwana.

Washegari da la'asar wani malamin makaranta ya kawo takardun jarabawa. Yaya na tsakiyar bugawa kwamfutar ta ɗauke. Ya kunna, ta yi ɗan aiki, ta sake ɗaukewa. Da ya buɗe ya ga tsumma, bai ko tambayi wanda ya sa ba. Ya zare ya watsar, ya ce, "Shi ke nan, ke da zauren ga kin gama." Ya rufe, ya kunna, bayan ɗan lokaci ta sake mutuwa, don bai lura da fankar ba. Ni kuma tsoro ya hana ni faɗa. Na tsaya jikin bango ina hawaye.

Baba ya shigo daga wajen banda, riga duk toka. Bai taɓa zama aji ba, bai kuma taɓa sa hannu a na'urar ba. Ya saurari bayanin Yaya, ya fita, ya dawo da guntun kara mai hayaƙi a baki. Yaya ya ce, "Baba, wannan fa ba kifi ba ne." Baba ya ce, "Zafi dai ka ce, ko? Kunna." Ya kai karan gaban akwatin, hayaƙi ya shige ciki. Ya zagaya baya, nan ma hayaƙi ya shige ciki. Ya miƙe ya dube mu. "Ƙofa biyu, duk ta shiga. To, ta ina za ta fita?" A nan na buɗe baki na ce ni na juya ta. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya miƙo mini turnabis ɗin da ke kan tebur ya ce, "Uwata, wanda ya toshe kafa shi ke buɗe ta." Na karɓa na kwance fankar, na mayar da ita yadda take. Ya sa na tattara wayoyin da suka cunkushe a tsakiya na ɗaure su gefe da zare, ya ce ko kifi ba a jera shi kafaɗa da kafaɗa. Aka rufe, aka kunna. Hayaƙi ya shiga ta gaba, muka zuba ido, ya fito ta baya siriri, da ɗumi. Yaya ya gama takardun malamin kafin magariba. Da ya tayar da zancen sharaɗinsa, Baba ya ce, "Ta ɓata, ta gyara. Bar ta."

Daga wannan ranar na samu sana'a. Yau akwatunan da ake kawo mini wasu fanka shida gare su, da fitilu masu launi, da gefen gilashi. Samari suna zuwa da nasu suna kukan zafi, in buɗe in tarar duk fankokin ciki suke hurawa. Ba na yi musu dariya. Nakan kunna tsinken turare in riƙe a gaban akwatin, in bar hayaƙi ya yi musu bayani.

Duk zuwana gida sai Baba ya tambaye ni, "Uwata, yaushe za ki haɗa taki kwamfutar, tun daga farko, in zo in gwada ta?" Ina ta cewa sai na samu sarari. Bana na fara, na ce masa da ƙaramar salla zan kawo ta. Ya ce zai ajiye mini kara mai kyau. Bayan sadakar bakwai na leƙa bayan gida, na tarar murhun ya huce, tsohon kwanon na bisa, gefensa a buɗe yadda ya bar shi.

Na koma Maradi. Akwatin yana kan tebur, fankokin gaba biyu a ɗaure. Ta baya tana cikin ledarta, ban ɗaura ba.