Farantin Tsohuwar Bakin Teku

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara gudu bisa gada a Dubai, wato 2009, ina da shekara tara. Kwana biyu bayan Babbar Sallah, ana idar da sallar asuba, ƙamshin waina ya cika ɗan gidanmu da ke hawa na uku a Al Buteen. Umma ta ɗora tandar ƙarfen da ta zo da ita daga Kano a kan gas, tana zuba ƙullu da ludayi tana juyawa da bakin cokali, ni kuma ina tsugune a gefenta ina jera waɗanda suka soyu a cikin kula. Abba yana ta hawa da sauka da kaya. Ya aro ƙaramar bas a wurin wani abokinsa da suke harkar kago, wato aika kayan 'yan kasuwa, tare, ya ce yau zai kai mu mu ga teku na gaskiya, ba wannan mashigin ruwan da muke ƙetarawa a kwale-kwalen abra ba.

Gidan namu ɗaki biyu ne da falo, rabin falon kuwa kwalayen 'yan kasuwa ne masu jiran kwantena. Amma madafar Umma ba ta san ta bar Kano ba. Duk Alhajin da ya sauka wurin Abba sai ya zo da ƙullin kuka, ko daddawa, ko busasshiyar kuɓewa, ko man shanu a gorar roba da aka naɗe da leda har ninki biyar. Daka ba ya yiwuwa a bene, kana farawa na ƙasa za su buga silin da sanda, don haka Umma takan ninke tsohon bargo ta ɗora ɗan turmi a kai, ta yi ta lallaɓa taɓarya kamar mai tsoron tashin jariri. Aikina shi ne tsintar shinkafa, da wanke-wanke, da kai kwano gidan maƙwabta. In na gama, ni da ƙanena Sadiƙu mu fita baranda mu yi carafke da ƙwallon dabino, tun da babu tsakuwa a bene. Dokar Umma a kan kwano ɗaya ce, kuma ba ta da sassauci. Duk wanda ya aiko mana da abinci, ko 'yar Indiyan da ke ƙofa da ƙofa da mu ce, kwanonsa zai kwana a wurinmu har sai an girka abin da za a zuba a ciki. Takan ce, "Kwano ba ya komawa gida da yunwa."

Ran nan mun cika mota da waina, da miyar taushe a tukunyarta, da soyayyen naman layya, da zoɓo gora uku. Abba ya karanta addu'ar hawa abin hawa muka amsa, ya miƙo mini wani ɓallen kwali da ya rubuta sunayen garuruwan hanya da ajami, ya ce ni ce mai karanto masa. Muka bar benaye a baya, muka shiga jan rairayi, muka ga raƙuma suna kiwo babu makiyayi. Daga nan sai duwatsu baƙaƙe tsirara, ko ciyawa babu. A kasuwar bakin hanya ta Masafi aka saya mana gasasshiyar masara, Umma ta gutsira ta ce wannan ai ruwa ce zalla, ba ta kai ta Dawakin Kudu ba, amma ta cinye tata har ta taya Sadiƙu. Da muka gangaro Dibba sai ga ruwa shuɗi ya tare gabas gaba ɗaya. Umma ta shiga maimaita tasbihi.

Abba ya bi hanyar da ke gefen teku, can ya ga wata 'yar burji ta ratse hagu, ya bi ta ba tare da tana cikin kwalina ba. Ta kai mu wata gaɓa mai farin yashi, da kwale-kwalen masunta a kife, da 'yan gidaje kamar goma a bayan itatuwan dabino. A nan Umma ta yi abin da kowace 'yar ƙauyen Kano za ta yi a bakin rafi. Ta tona jiƙaƙƙen yashi dab da ruwa ta binne gorunan zoɓo don su yi sanyi, ta jera kuloli da tukunya a gefensu inda iska ke kaɗawa, ta rufe da zane. Muka koma inuwar dabino muka haɗa azahar da la'asar a ƙasaru. Abba ya ja mu tsintar kwanson kifi har can nesa, Umma ta kishingiɗa, gajiyar girkin asuba ta sa barci ya sace ta. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa teku yana da lokacin cika da lokacin ja. Ruwan da muka sani, na dam ne da na kududdufi, inda ka bar shi nan za ka same shi.

Da muka dawo, waina tana yawo a kan ruwa kamar 'yan agwagi. Tukunyar miya ta kife, kular nama ta buɗe, zanen Umma yana can yana lilo a kan igiyar ruwa. Abba ya naɗe wando ya shiga ya ceto tukunya da murfi ɗaya, ya fito yana dariya har yana tari, yana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Sadiƙu ya sa kuka saboda nama. Umma kuwa ta tsaya riƙe da haɓa, kunya ta hana ta ko motsi, domin wata tsohuwa tana tsaye a ƙofar ɗaya daga cikin gidajen, ta ga komai. Tana sanye da ɗan ƙyallen fuskar nan mai ƙyalli kamar tagulla da tsofaffin matan ƙasar ke sawa, amma kafaɗunta sun nuna dariya take yi.

Ba a jima ba sai ga ta ɗauke da wani babban farantin ƙarfe mai zanen ganye a baki. Shinkafa ce jawur da kayan ƙamshi, da busasshen lemon tsami a ciki, da manyan kifaye biyu a kwance a sama. Ta ajiye a kan tabarmarmu, ta dafa kafaɗar Umma, ta ce bismillah, ta juya. Ban taɓa cin kifi mai daɗin wannan ba, har yau. Muka sharce faranti tas. Umma ta wanke shi da ruwan shanmu, muka nufi gidan, sai muka tarar da ƙofa a kulle, tsohuwa ta fita. Abba ya ce a jingine shi a bakin ƙofa mu kama hanya. Umma ta ce ita ba za ta jingine wa baiwar Allah faranti wayam kamar wadda ta ci ta gudu ba, mako mai zuwa za ta dawo da shi cike. Suka ɗan ja, Abba ya dubi rana, ya ce to.

Mako mai zuwa bai yiwu ba, mai mota ya karɓi abarsa. Aka naɗe faranti a sabon zane aka ɗora shi saman kabad, babu mai taɓawa. Amma ya zauna wa Umma a rai. Takan ce yanzu haka matar nan tana ganin baƙaƙen fatar da ta ciyar sun gudu mata da kaya, kuma in ɗayansu ta rasu kafin a mayar, da wane ido za ta dube ta ranar hisabi. Da Sallah ta zagayo ta soya waina, ta jera a farantin, muka sake kama hanya. Sai dai an yi sababbin tituna, 'yar burjin nan ta ɓace, ƙauyukan kuma duk kama ɗaya: masallaci fari, dabino, kwale-kwale. Abba yana tambayar gidan wata tsohuwa mai kirki, mutane suna ce masa duk tsofaffinsu masu kirki ne. Da yamma muka cinye wainar, bayan Umma ta juye ta a wani kwanon, don ba ta yarda a ci a farantin mutane ba.

Haka muka yi shekara uku a jere, kuma ta haka muka san gaɓar nan tun daga Dibba har Kalba. Mun yi wanka a Khor Fakkan, mun ga masunta suna jan taru da mota, mun koyi ajiye abinci nesa da ruwa. Abba yakan tsokani Umma da cewa farantin nan ya sha man fetur fiye da tasi, ita kuma ta ce ai shi ya fi kowa son yawon. Abu ɗaya ta hana shi, kada ya kuskura ya ba kowa labarin tukunyar da teku ya kifar.

A shekara ta huɗu muka tsaya sallar azahar a wani ƙaramin masallaci. Abba ya gaji da kwatance, ya saɓa wa Umma, ya ba wani dattijo mai gyaran taru labarin tun daga binne zoɓo. Kafin ya kai ƙarshe dattijon ya ajiye allura ya kama ciki don dariya. Ashe labarinmu ya daɗe da zama abin hira a yankin, har in yaro ya bar takalmi a bakin ruwa sai a ce masa zai yi irin ta baƙin nan. Ya nuna mana hanya, bayan wani sabon otal ne da ya tare wurin.

Tsohuwar tana zaune a ƙofar gida tana tsintar busassun ƙananan kifi. Umma ta durƙusa ta gaishe ta, ta kira ta Hajiya, ta kwance zane. Waina ce da miyar taushe a ɗan kwano a tsakiya, da dambun nama a gefe. Tsohuwar ta shafa zanen ganyen da ke bakin farantin, ta daɗe tana shafawa. Ta ce na mahaifiyarta ne, kuma ba ta taɓa zaton sata ce ba, ta dai ɗauka shi ma ruwa ya cinye mana shi. Abba yana fassarawa yana danne dariya. Ta ci waina uku, yaji ya sa ta hawaye, ta ƙara ta huɗu. Sai ta juye sauran, ta goge faranti, ta cika shi da busasshen kifi da dabino, ta turo wa Umma. Umma ta yi wuf ta shimfiɗa gefen mayafinta.

"A'a, Hajiya, ya isa haka, bar farantin. Zuba mini a nan."

Yanzu ni ke tuƙa Abba da Umma. Hanyar da ke cin mana rabin yini ta koma ta ɗan lokaci, an huda duwatsun an wuce ta ciki, waya kuma tana gaya maka sunan kowane lungu har da sa'ar da teku zai cika. Ba ma ɓata, ba ma tsayawa tambayar kowa. A benen da nake zaune abinci a roba yake zuwa, a ci a jefar, ban san sunan matar da ke ƙofa da ƙofa da ni ba. Wani lokaci nakan so a ce akwai kwanon wani a saman kabad ɗina. A ranar da muka mayar da farantin dai, da muka juyo gida, Umma ta jingina kai da gilashi tun kafin mu shiga duwatsu, mayafinta yana warin kifi, ba ta farka ba sai a Deira, yankin da unguwarmu take. Allah ya sa mu sauke namu nauyin kamar yadda ta sauke nata.