Kunne da Fiyanon da Ba Ya Rufa Asiri

A gidan rediyon da yake aiki ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Kunne ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa, don tun makon da aka ɗauke shi aiki ya sanar da kowa, har da mai gadi, cewa an ba shi kunnen da ba a ba kowa irinsa ba. In fanka na juyawa sai ya ɗaga yatsa ya ce muryarta ta sauka daga inda take jiya. In wani ya ja kujera, ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

Aikinsa shi ne kiɗan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin talla. In ka taɓa jin wani yana ta da jijiyar wuya a rediyo cewa sabulun nan har baƙin ciki yake wankewa, ka kuma jiyo wani ɗan tin-tin-tin can baya yana neman hanyar fita, to Kunne ne. Shekara ashirin da biyu yana wannan hidima: sabulu, katifa, makarantar koyon tuƙi, man shafawa, maganin sauro. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, an manne bangonsa da soso da kwalin ƙwai, in mutum biyu suka shiga dole ɗaya ya riƙe numfashi.

A nan tsohon fiyanonsa yake zaune a kan teburin ƙarfe. Da can baƙi ne, yanzu ya koma launin toka. Ɗan gilashin da ke nuna lamba ya dushe, sai an haska shi da waya. Maɓalli na uku daga dama gam ne ke riƙe da shi, wayar wutar kuma ba ta kamawa sai an danne ta da ƙamus. Muryoyi ɗari ne a cikinsa, amma Kunne ɗaya ya sani, lamba biyar, wato fiyanon lantarki, mai sauti kamar ƙararrawar da aka naɗe da tsumma. Da lamba biyar ya sayar da katifa, da ita ya kori sauro.

Rigimar ta faro ne ranar da sabuwar manaja ta leƙo ɗakin, ta tsaya ta saurari wani kiɗa da ya gama haɗawa.

"Wannan ya tuna min da ƙuruciyata," in ji ta.

Kunne ya gyara hula, ya fara murmushi.

"Lokacin da ake kai ni cire haƙori. Irinsa suke sawa a ɗakin jira."

Ta wuce abinta. Injiniyan sauti, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana zama kafaɗa da kafaɗa da Kunne ba tare da ya ɓata kalma ashirin a rana ba, ya duƙufa kan na'urarsa yana juya wani abu da ba ya bukatar juyi.

Da yammar nan Kunne ya shiga shafukan masu ƙera fiyano ya sauke samfurin sauti guda shida, kowanne na sabon fiyano daban, kowanne daƙiƙa arba'in. Ya sayi littafi mai bango mai tauri, ya ja layi da rula, ya fara bincike. Na ɗaya, ya rubuta, kamar ruwa na ɗiga a kwano amma da girman kai. Na uku ya cika zaƙi, ba shi da kunya. Na huɗu yana da ɗan tsatsa a wutsiya, irin mai daɗi. Na shida kuwa sai da ya cinye shafi biyu, ƙarshe ya soke duka ya rubuta: a sake ji.

An kuwa sake ji. A mota aka ji, a bakin famfo aka ji, a kan abinci aka ji. Matarsa ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti, mace mai saurin hannu da gajeriyar magana. Tana shigowa da la'asar, ko takalmi ba ta cire ba, zai ɗora mata abin sauraro a kunne.

"Tsakanin na biyu da na huɗu, wanne ya fi taushi? Ki saurari ƙarshen, inda yake mutuwa."

"Baban yara, jarirai bakwai na ji yau. Duk wanda bai yi kuka ba a cikin waɗannan ya yi min."

"Ba ki da kunne."

"Ina da ƙafa, kuma ciwo take. Matsa in zauna."

Wata huɗu ana haka. Maƙwabta suka daina tsayawa gaisuwa mai tsawo da shi, don sun gano inda take ƙarewa. Ƙanensa da ya zo kwana uku ya tuna da wani uzuri a rana ta biyu. Littafin ya cika, aka sayo na biyu, amma ba a tsai da magana ba: yau na huɗu ne a gaba, gobe an kama shi da laifi, jibi kuma tsohon nan ai ba abin da ya yi wa kowa.

"Na ga doguwar naƙuda iri-iri," in ji matarsa wata rana tana ninke kaya, "amma ta wata huɗu a kanka na fara gani. Ka saya ko ka bar mu mu huta."

Akwai shagon kayan sauti a kan babban titi, tsakanin mai ɗinkin labule da mai gyaran agogo. Sau goma sha ɗaya Kunne ya je shagon, ko wayar wuta bai taɓa saya ba. Yakan tsaya gaban fiyanon da samfuri na huɗu ya fito daga cikinsa, ya danna maɓalli ɗaya tak, ya karkata kai, ya yi shiru har sautin ya mutu, sannan ya ce a kashe fanka a sake. A zuwa na goma sha biyu mai shago ya zare wayar da kansa, ya cusa fiyanon a jaka.

"Yallaɓai, ɗauki ka je da shi mako guda. Na yarda da kai. Ko ba komai in samu in ga fuskar sauran masu saye."

Ranar Talata aka shigar da sabon fiyanon cikin ɗakin kwalin ƙwai, aka jingine tsohon da bango kamar mai laifi. Aikin ranar tallan maganin sauro ne, kiɗan da Kunne zai iya yi yana barci: kamu uku na hannun hagu, ɗan gudu na hannun dama, a maimaita. Ya murza yatsu, ya yi wa injiniya alama, ya fara.

Abin da ya fito bai yi kama da samfuri na huɗu ba. Wani sautin ya yi tsawa, na kusa da shi ya yi raɗa, na gaba ya ɓace gaba ɗaya kamar an kira shi waje. Ya sake. Haka. Ya sake na uku, ya ɗage hannu.

"An ba ni mai matsala," ya ce. "Da ma na ji wani abu a muryarsa tun a shago."

Injiniya ya miƙo hannu ya danna maɓalli ɗaya a hankali, sautin ya fito a hankali. Ya buga shi da ƙarfi, ya fito da ƙarfi.

"Lafiyarsa ƙalau. Wannan yana jin nauyin hannu ne. Yadda ka taɓa shi haka zai faɗa. Naka na da, ko da gwiwar hannu ka danna, murya ɗaya zai ba ka."

"Me kake nufi?"

Injiniya ya juya ga na'urarsa. Ya dai mayar da abin da aka ɗauka baya, ya kunna, ya ƙara murya.

Abin takaicin shi ne kunnen nan na gaske ne. Da a ce cika baki ne kawai, da Kunne ya saurara ya ce ya yi kyau, ya tafi gida da ƙoshin lafiya. Amma ya ji komai. Ya ji babban yatsansa yana sara kamar mai faskare, ya ji ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa suna leƙowa su koma ba su taɓa komai ba, ya ji hannun hagu yana isowa a makare kowane zagaye. Shekara ashirin da biyu tsohon fiyano yana karɓar wannan aika-aika yana gogewa, yana miƙa wa duniya a daidaice, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Yana zaune bai gama haɗiye wannan ba sai ga mai maganin sauro ya iso jin tallansa. Babban mutum ne mai fara'a, shekara tara yana kawo musu aiki. Kunne ya ga dama ta samu ta jin ra'ayin wanda ba ya cikin rigimar, ya ce a sa masa na bara da aka yi da tsohon fiyano, sannan na yau.

Mai maganin sauro ya saurari duka biyun da idonsa a rufe, yana gyaɗa kai.

"To, wanne kiɗan ya fi kwanta maka?" in ji Kunne.

Mutumin ya buɗe ido. "Au, akwai kiɗa a ciki?"

Ya gyara zama, ya ci gaba da maganarsa.

"To madalla, Allah ya yi albarka. Ni dai a maimaita lambar wayar sau uku, kuma in da hali a ɗan rage abin nan na baya, kada ya danne ta."

Kwana uku Kunne bai ɗora wa kowa abin sauraro a kunne ba. Gidan ya yi tsit, maƙwabta suka fara tambaya ko ya yi tafiya. Rana ta farko matarsa ta ji daɗinta, ta biyu ma haka. A ta uku ta same shi a tsakar gida da rana tsaka yana kallon tafin hannunsa kamar wanda aka ba aron su, ta jawo kujera.

"Faɗa min."

Ya faɗa mata, bai rage komai ba, har da na mai maganin sauro. Ta yi ƙoƙari ƙwarai ba ta yi dariya a wannan gaɓar ba, sai dai ta ɗan juya ta gyara ɗankwali.

"Wato ba fiyanon ba ne."

"Ba shi ba ne."

"Akwai malamar da ke koya wa yara fiyano a gidan bene na ƙarshen layi. Ni na karɓi tagwayenta. Ba za ta ƙi ni ba."

"Ni? Da furfurata? Ni da na yi shekara ashirin da biyu a gidan rediyo?"

"Ai shi ya sa," in ji ta, ta tashi ta shiga ɗaki.

Da mako ya cika ya saɓa jakar ya kai shago, ya ɗora a kan kanta. Mai shago ya zuge ya duba, ya ga ba abin da ya ɓalle, ya yi hamdala, ya kama hannun jakar zai ja. Jaka ta ƙi tafiya, don Kunne bai saki nasa ɓangaren ba. Suka tsaya haka, kowa da hannu ɗaya, har mai gyaran agogo ya leƙo.

"Rubuta min takarda," in ji Kunne. "Na saya."

Mai shago ya nemi kujera ya zauna. "To a ƙarshe wane samfurin ya ci, Yallaɓai? Na huɗun?"

"Ba a zo nan ba tukuna."

Malamar ta ba shi ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Asabar, bayan yara sun watse, don ya roƙi a rufa masa wannan asirin. Ba ta kai shekarun babbar 'yarsa ba, kuma ba ta taɓa jin sunansa a rediyo ba, abin da ya ɗan sosa masa rai duk da cewa ba a taɓa faɗin sunan nasa a rediyo ba. Ta ce ya buga abin da ya iya. Ya buga mata maganin sauro. Ta saurara har ƙarshe cikin ladabi.

"Baba, ƙaramin yatsan nan naka ya yi ritaya ne?"

Daga nan aka koma maɓalli biyar, hawa da sauka, a hankali, kowanne da nauyi ɗaya da ɗan'uwansa. Wata biyu bai wuce nan ba. Ya yi fushi ya daina zuwa sau biyu, sau biyun kuma matarsa ta ajiye masa takalmi a bakin ƙofa. A gida, mutanen da suka sha wata huɗu suna jin samfuri shida yanzu suka koma jin sauti biyar, safe da yamma, har ƙanensa ya ce a waya gara na da.

Tsohon fiyano ya koma kan teburinsa na ƙarfe, ƙamus a kan waya, yana ci gaba da sayar da katifa. Kunne ya ce ba zai kai sabon inda za a ce a rage abin nan na baya ba. Manaja ba ta sake leƙowa ba, ta manta ma ta taɓa yin magana.

Bayan shekara ɗaya da rabi malamar ta haɗa ɗalibanta a falonta don kowa ya buga wa iyayensa abin da ya koya. Ta sa Kunne a ƙarshe, ya kuma yarda, bayan an yi masa alkawarin ba za a ɗauki hoto ba. Ya zauna gwiwoyinsa na dukan ƙasan fiyano, ya buga wani ɗan kiɗa mai tafiyar hawainiya, layi goma sha shida. Ya yi tuntuɓe sau biyu. Amma a tsakiya akwai wurin da ake so sauti ya sauka ya yi laushi, ya kuwa sauka, da hannunsa, ba da na'urar kowa ba, kuma ya ji shi. Iyayen yara suka tafa irin tafin da ake yi wa kakan wani. Injiniya, wanda ba a san wa ya gayyace shi ba, yana tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Ba laifi," ya tafi.

Da kowa ya watse malamar ta ce hannun hagu har yanzu sai addu'a, sannan ta miƙa masa littafin darasi na biyu, irin na yara. Akwai hoton agwagwa sanye da hula a bangon. Kunne ya juya shi gaba da baya, ya roƙi tsohuwar jarida ya naɗe shi da kyau, ya saka a hammata, ya tambaya ko Asabar mai zuwa ƙarfe goma sha ɗayan ne.