Gutsuren Farantin Da Na Ce Na Gani

Edita, ina yi miki sallama, ke da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa a kan wannan labari, yau dai na gaji da riƙe shi ni kaɗai. Shekarata ashirin da uku a lokacin, ɗaliba ce ni daga Katsina, ina karatun Larabci a Alƙahira, ina haya a wani ɗaki a hawa na huɗu a unguwar Abbasiya. Da na taso daga gida rabin akwatina littattafan soyayya ne na kasuwa, irin waɗanda bangonsu ya yi laushi saboda aro. Su suka raine ni. Duk namijin da ya matsa ya ba ni kujera a jirgin ƙasa, kafin mu kai tasha ta gaba na gama tsara yadda zai zo gaishe da mahaifina. Ban taɓa ganin illar wannan hali ba, a ganina mafarkina ne, ba wanda nake cuta.

Mai gidan da nake haya tsoho ne, Bamisire, kowa Ammu yake ce masa. Ya yi shekaru yana alƙalanci a gasar harbin faranti a wani kulob da ke bayan gari. Ga wanda bai sani ba, faranti ne ɗan ƙarami na yumɓu, launin lemo, inji ke cilla shi sama daga wani rami, maharbi ya bi shi da bindiga ya fasa shi kafin ya faɗi. Wata rana Ammu ya gan ni na karanta lambar motar bas daga nesa, ya ce idona ɓarna ne a bar shi a kan littafi kawai. Shi ya kai ni kulob ɗin, ya sa na yi kwas, aka ba ni katin mataimakiyar alƙali da 'yar jar tuta. Aikina in zauna a gefen layin maharba, in faranti ya tsira in ɗaga tuta. Doka ɗaya ya fi nanata mini har na gaji da ji: ba a cewa an samu faranti sai an ga gutsure ya ɓalle daga jikinsa. Harsashi yana iya gogarsa ya tayar da ƙura, amma ƙura kaɗai kuskure ce. Yakan ce alƙali ba ya shaidar abin da yake fata, abin da ya gani kawai yake shaida.

A nan na haɗu da wani maharbi, Bahaushen Sudan, dogo, marar yawan magana. Ranar farko ya ji ina waya da mahaifiyata, ya tsaya har na gama, sannan ya gaishe ni da Hausarsa mai gauraye da Larabcin Sudan, ya kira ni 'yar gida. Wallahi iyakar abin da ya taɓa shiga tsakaninmu ke nan, sai gaisuwa, sai wata rana da ya miƙo mini shayi ya yi mini tsiya cewa 'yan Najeriya shayi suke zubawa a cikin sukari. Amma ni na ɗauki waɗannan 'yan kalmomi na gina gida da su. A hanyar komawa Abbasiya ina jingine da tagar bas, ina raɗa wa 'ya'yanmu suna. Abokiyar ɗakina, wata 'yar Damagaram, ta sha gaya mini cewa mutumin ko sunana bai sani ba, in yi haƙuri in sauko ƙasa. Na ce mata ba ta san yadda irin waɗannan maza masu shiru suke so ba.

Sai aka zo babbar gasar kulob ta shekara, wadda mutum shida ne kaɗai ke wucewa zagayen ƙarshe. Biyar sun riga sun tabbata. Gurbi na shida tsakanin mutum biyu yake, wannan ɗan Sudan da wani malamin makaranta mai furfura da ke zuwa daga wani ƙauye a jirgin ƙasa, wanda kowa ya san shekararsa ta ƙarshe ke nan domin idonsa ya fara rauni. Malamin ya riga ya gama harbinsa. Lissafin a fili yake: idan ɗan Sudan ya kuskure faranti ɗaya a zagayensa, malamin ya wuce. Ammu ne babban alƙali, ni ina gefen hagu, wani mataimaki yana dama. Rana ta take, iska tana ɗan kaɗa yashi. Ɗan Sudan ya fasa ashirin da biyu a jere. Na ashirin da uku ya fita ta hagu, ta gefena, maharbin ya yi harbi biyu, ƙura ta tashi fuu daga gefen farantin, amma farantin ya ci gaba da tafiyarsa cikakke har ya sauka. Na gan shi sarai. Hannuna yana kan tuta, amma ban ɗaga ba.

Ammu ya busa alamar kuskure. Maharbin ya ɗaga hannu, alamar bai yarda ba, kamar yadda doka ta ba shi dama. Aka tsayar da harbi. Ammu ya tambayi na dama, ya ce rana ta shiga idonsa, bai ga komai ba. Sai ya tako zuwa wurina, ya tambaye ni a hankali, yana kirana 'yata kamar kullum, ko na ga wani abu ya ɓalle. A cikin wannan ɗan lokaci na hango komai kamar shafin ƙarshe na littafi: ya ci kofi, ya gano ni ce na tsaya masa, ya zo ƙofar gidanmu. Na ce na ga gutsure ya faɗi ta ƙasan farantin. Ammu ya dube ni, ya sake tambaya ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya juya ya soke hukuncinsa a gaban jama'a, saboda shi da bakinsa ya sha faɗa wa mutanen kulob cewa idona ya fi nasa.

Ɗan Sudan ya fasa biyun da suka rage, ya wuce. Abin da ba na mantawa shi ne malamin nan. Ya naɗe bindigarsa a jaka, ya bi alƙalai ɗaya bayan ɗaya yana gaisarwa. Da ya zo kaina ya dafa ƙirji, ya ce ma'alish ya binti, wato ba komai 'yata, idon alƙali shi ne magana ta ƙarshe, Allah ya ƙara mini gani. Ya kama hanyar tasha a ƙasa. Shi kuwa wanda na yi dominsa, a zagayen ƙarshe shi aka fara cirewa. Da zai tafi na tsaya a inda zai wuce. Ya tsaya ya tambaye ni ko da gaske na ga gutsure, domin shi ya ɗaga hannu ne kawai saboda kowane maharbi haka yake yi, bai zaci za a ba shi ba. Na ce na gani. Ya ce tamam, wato to madalla, ya wuce. Daga ranar gaisuwarsa ta koma ɗaga kai daga nesa.

Bayan la'asar, da fili ya watse, Ammu ya ce in biyo shi. Muka taka har can inda farantai ke faɗuwa a cikin yashi. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauko wani cikakke, mai ɗan ƙarzane a gefe, ya kakkaɓe ya sa mini a hannu. Ya ce doka ta hana a ɗauko faranti daga ƙasa a sauya hukunci, abin da aka rubuta ya rubutu, kuma shi ba zai rantse cewa wannan ne farantin ba, ni kaɗai na san abin da na gani. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shekara talatin bai taɓa soke busarsa a kan maganar mutum ɗaya ba sai yau. Nan na fashe da kuka na gaya masa gaskiya. Bai tambaye ni dalili ba, ina jin ya riga ya sani. Washegari na mayar da kati da tuta. Na roƙe shi ya isar da neman gafarata ga malamin, bayan makonni ya ce mini mutumin ya ce ya yafe, khalas, wato shi ke nan, kada in ƙara tayar da maganar. Amma bai sake zuwa kulob ɗin ba. Na ƙara shekara biyu a gidan Ammu, yana amsa gaisuwata da mutunci, sai dai bai sake kirana 'yata ba.

Yanzu na dawo gida, ina koyarwa, na yi aure, kuma farantin yana cikin akwatin da littattafan nan suke a da. Wani lokaci in ina duba jarrabawar ɗalibai, in na zo kan takardar wadda nake so, sai in ajiye biro in je in dube shi. Na gaji da tunanin, amma ba ya tafiya. 'Yan'uwana mata, da ma maza, duk wanda aka ba shi tuta ko jan biro ko aka kira shi shaida, ya sani akwai wani a can gefe wanda ba ya cikin mafarkinsa, kuma shi ne zai biya. Ni ban yi wa wanda nake so komai ba, bai ma nema ba. Wani tsoho na tura tasha a ƙasa a shekararsa ta ƙarshe, yana yi mini addu'ar ƙarin gani. Idan aka tambaye ki abin da kika gani, in ƙura ce, ki ce ƙura ce.