Santimita Tamanin da na Ɗora wa Abokina

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun awon filaye a Garwa. Daga Tinyer na zo, saurayi mara magana, wanda ya fi sabawa da littafi a kan mutane. In malami ya kira ni a aji sai gumi ya karyo mini, amma ba na barin lamba ta wuce ban duba ta sau biyu ba. Ina kuma da wani hali da nake ɗauka wayo ne: ban yarda da kowa ba.

Da aka tura mu koyon aiki, wato sitaj, a wani ofishin masu awo, aka ce kowa ya zo da kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajar zane. Sati uku ina zagaya shaguna, don na ji ana manna wa tsohuwa takardar sabuwa. Da na samu wata kwamfuta, ban kula da takardar ba, cikinta na shiga na duba ƙarfin injinta da ma'ajiyarta da katin hoto. Na ɗora mata zane mai nauyi da tsakar rana in ga ko zafin Garwa zai sa ta sume, na zare waya in ga ƙarkon batir. Mai shagon, wanda daga Najeriya yake kawo kaya, ya ce da ni ɗan makaranta, ko mai neman aure bai kai ni bincike ba, in ba saya zan yi ba in bar masa kujera. Na saya. Madannanta na Ingilishi ne, na manna musu haruffan Faransanci, na ɗauka shi ke nan.

Mu biyu aka ɗauka a ofishin, ni da wani ɗan ajinmu, Kirista daga duwatsun wajen Kolofata. Hausa ce ta haɗa mu, kwano ɗaya muke ci. Alaramma yake kirana, wai ko tuwo sai na karanta kafin in kai baki. An kuma sanar da mu cewa mutum ɗaya za a riƙe bayan sitaj.

Aikin farko da aka ba ni shi ne filin wata dattijuwa mai sayar da kifi. Muka auno, aka juye mini lambobin daga na'urar awo, na zana. Ranar da aka je dasa duwatsun iyaka bisa zanena, sai ɗaya ya faɗa cikin filinta da santimita tamanin, daidai inda take son ta da katanga. Ta riƙe hannun maigidanmu mai ofishin tana cewa ɗana, nan kakanta ya dasa dalbejiya, ita ba za a yi mata awon boko a kanta ba. Maigida ya sake aunawa da kansa, ya ga ita ke da gaskiya. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi in gano inda kuskuren ya fito.

Na zauna na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, sai na ga dukkansu sun koma cikakkun mitoci, babu santimita ko ɗaya. Na ce wannan hannun mutum ne. Nan na tuna abokina ya ari kwamfutar ana jibi za mu fita dasa duwatsun, wai tasa tana ɗaukar zafi. Na tuna maƙwabcin da iyakar ta ƙara wa ƙasa ɗan yankinsu ne, na gan su suna gaisawa da yarensu suna dariya. Na tuna gurbi ɗaya ne. Daga ranar komai ya yi sai in ga alama a ciki. In ya tambaye ni ko na gano matsalar, in ce leƙen asiri ne. In ya yi shiru, in ce laifi ne ke cinsa. Har ya ce Alaramma, wane littafi ne ya ɓata mini rai haka, in faɗa masa ya je ya rama mini. Ban iya kallon idonsa na tambaye shi ba. Abin da na iya shi na yi: na rubuta takarda shafi biyu, da rana da awa da hujja, na ajiye a teburin maigida. Ba a kori abokina da baki ba. An daina fita da shi, da sitaj ya ƙare aka riƙe ni.

Bayan wata biyu aka ba ni wani fili. Kwamfutar ba ta bar jakata ba, amma santimitocin suka sake ɓacewa. Sakatariyar ofis ta leƙo, ta yi dariya, ta ce ƙanena, ai na'urarka da Ingilishi take ƙirga. Lambobinmu da waƙafi ake raba mita da santimita, irin na Faransanci, ita kuwa ɗigo take jira, sai manhajar ta ɗauki abin da ya zo kafin waƙafi ta watsar da abin da ya biyo bayansa. Cikin minti ɗaya ta gyara. Ni kuwa abokina ne ya faɗo mini a rai.

Na gaya wa maigida gaskiya, ya ce ya ji, amma ba shi da gurbi na biyu. Sai da na yi sati kafin na iya kiran abokina. Ya koma gida yana noma da mahaifinsa. Ya saurare ni har na gama, ya ce ya yafe, abu ɗaya kawai bai gane ba: kullum hannunmu cikin kwano ɗaya, me ya hana ni buɗe baki in tambaye shi? Bai kira ni Alaramma ba. Sunana na takarda ya kira.

Ga mai shirin sayen kwamfutar awo, ya duba ƙarfinta da zafinta da batir, amma kafin ya amince da ita ya zuba mata tsohon aikin da aka san amsarsa, ya ga ko za ta dawo masa da shi daidai har santimita. Wanda kuma zargi ya shiga ransa, ya sani cewa zargi ba ya rasa hujja, kowace ya nema zai samu. Kunyar da ta hana ka tambayar mutum a gabansa, amma ta bar ka ka rubuta shi a bayansa, ba kunya ba ce. Ina zaune a kujerar da ban san ko tawa ba ce, kuma babu na'urar da za ta auna mini wannan.