Zakaran da Aka Karya Saboda Ladan

A Sabo, in ka ce Ladan Mai Ƙafa ba a tambayarka wanne. Tun yana saurayi ya zo Ibadan dako, yana sauke buhunan albasa a tashar Ojoo, kuma bakinsa ya fi ƙafar sauri. Ita yake ci da ita, ita yake aika wa gida da ita.

Ranar da tayar tirela ta bi ta kan ƙwaurinsa, ƙashi ya fito waje, aka kwashe shi sai asibiti. Sabo ta ɗauka. Kowa cewa yake asibiti ba su san komai ba sai yankewa, a sato shi a kai wa mai ɗori. Matarsa Ashatu ta tsaya bakin gado ta ce ba inda za shi. Likita ya wanke ciwon, ya kafa masa ƙarfe, ya ce in tsoka ta ruɓe, dole ƙafa ta tafi.

Ya'u, abokin dakonsa, bai haƙura ba. Tunda an hana shi mutum, sai ya kai wa mai ɗori zakara. Aka karya ƙafar zakaran da sunan Ladan, aka ɗaure, aka ce yadda ya warke haka Ladan zai warke. Zakaran nan ya ci gata, har da shinkafa dafa-duka! Da ya fara takawa, murna ta sa Ya'u ya kwance shi. Gogan naka ya miƙe sai titin Mokola, tasi ta markaɗe shi.

Wallahi mu abokansa muka ce shi ke nan, abin da ya sami zakara ya sami Ladan. Muka ɗunguma asibiti, Ya'u na gaba yana salati.

Wata nas ta tare mu da Yarbanci haɗe da Turancin buroka, tana tambayar me ya faru. “E jo, wetin hapun?”

Ko kallonta ba mu yi ba. Muna shiga, ga Ladan a tsaye tsakiyar ɗaki da sanduna biyu, gumi sharkaf, yana ɗaga ƙafar yana ajiyewa. Ashatu na bayansa tana dariya da hawaye.

Ya dube mu ya ce, “Kai, lafiya? Wa ya rasu?”

Ya'u ya durƙusa, ya taɓa yatsun ƙafar ɗaya bayan ɗaya. Suna motsi. Sai ya fashe da kuka kamar yaro.

Ladan ya ce, “Aboki, matsa min hanya. Likita ya ce sai na kai ƙofa.”