Amsar da Na Ba Hamma Sai-Jibi

Na Allah muke, kuma gare Shi komawarmu take. A ranar Talata, 13 ga watan Mayu, 2025, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Hamajoɗa Bakari, mai walda a bakin layinmu a Karewa, Jimeta, bayan kwana uku yana jinyar ƙunar wuta a asibiti. Shekarunsa sittin da huɗu. Ya bar matarsa Na'inna, da 'ya'ya biyu, Munirat da Usaid, da jikoki biyar. Duron da ya fashe a hannunsa nawa ne, ni na kai masa shi.

Hamma, haka nake kiran ka tun ranar da muka haɗu, ba kuma zan canza yau ba. Na daɗe ina rubuta wa mutane ta'aziyya, har ana cewa na iya. Wannan kuwa sau huɗu ina farawa ina yagewa, domin duk lokacin da na jero kyawawan halayenka sai in ga ina fakewa ne a bayansu.

A ƙarshen shekarar 2014 na fara ganin ka, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, jama'a suka kwararo Yola da ƙafa. Ina hedimasta a wata firamare a Jimeta, ajujuwanmu suka cika da 'yan gudun hijira har baranda. Ka iso da ƙafa a kumbure, da tsumma ɗaure a ka, da iyalinka, da Ephraim mutumin Michika wanda kuke aiki tare tun a can. Abin da ka tsira da shi daga shagonka na shekara ashirin shi ne tabarau na walda da guduma ɗaya. A rana ta uku ka yi sallama a ofishina. Na ɗauka ƙarin shinkafa ka zo nema, har na shirya haƙurin da zan ba ka. Sai ka ce, "Hedimasta, ƙofar aji uku za ta faɗo wa yara. A samo mini aron inji." Kafin wata ya ƙare kun gyara ƙofa goma sha ɗaya da bencin da ban ƙirga ba, kai da Ephraim, ko shayi ba ku yarda na saya muku ba.

Tsumman nan na kanka yana da labari. A kan duwatsu ka faɗi a hanyar gudu, kanka ya bugu, tun daga ranar hancinka ya daina jin komai, ƙamshi ko wari. Kai ka mayar da abin wasa. Kana cewa Na'inna ta huta, ko miya ta ƙone sai ka ce madalla. Amma a sana'arka ba wasa ba ne, domin mai walda da hanci yake gane tankin da ya sha fetur. Saboda haka da ka buɗe shago a Karewa ka kafa doka. Duk wanda ya kawo duro ko tanki sai ka tambaye shi, "Me ya taɓa zama a ciki?" Abin da ya faɗa sai ka rubuta da alli a jikin ƙarfen: R ga ruwa, M.G. ga man gyaɗa, F ga fetur. In mai kayan baƙo ne sai ka ce, "Ephraim, aro mini hancinka." In kuwa F ce ta hau, magana ta ƙare. A cire marfi, a cika shi da ruwa da omo, a bar shi, a zubar, a sake cikawa. Mai kaya ya tambayi yaushe, ka ce sai jibi.

Daga nan sunan ya bi ka. Masu keke Napep, waɗanda kullum kamar ana korar su, su suka raɗa maka Hamma Sai-Jibi. Na sha ganin su suna rantsuwa cewa tanki ya bushe ƙamas, ko ɗigo babu. Kai kuma ka gyara zaman tabarau ka ce, "Cikakke ba ya ba ni tsoro kamar fanko." Wasu su ɗauki kayansu su yi gaba suna tsaki. Ba ka taɓa kiran ko ɗaya ya dawo ba. Ina zaune a bencinka na ji wannan magana ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Dariya nake yi. A raina na ce mutumin da ya ga tashin hankali dole ya riƙa tsoron abin da bai kai ba.

Dole in kawo maganar Queen, domin in babu ita ba za a gane abin da na yi ba. Queen 'yar Numan ce, tana riƙe da 'ya'ya uku ita kaɗai, tana sayar da fetur a kwalabe a kan tebur a ƙofar gidanta. Shekara shida da suka wuce aka yi gobara a layin bayanmu, sai mutanen unguwa suka kafa kwamiti suka ba ni shugabanci. Na ɗauki abin da zafi, na yi ta wa'azi a kan masu ajiye mai a gida. Ranar da muka je ɗauke teburin Queen, a gaban jama'a ta ce, "Baba, ban san yana da hatsari haka ba." Na ɗaga murya yadda na saba a filin taron makaranta, na ce mata rashin sani ba uzuri ba ne. Aka yi ta gyaɗa kai, na koma gida ina jin na yi aiki. Ban tambayi abin da za ta ci gobe ba. Kai ka tambaya. Ka ƙera mata murhu da tebur daga guntayen ƙarfe, ka share mata wuri a gefen shagonka, ta fara sayar da shinkafa da wake. Har yau a nan take.

To, a shekarar 2023, da aka shiga dogon layi a gidajen mai, ana ta cewa farashi zai tashi, ni shugaban kwamiti na sayi fetur duro biyu na ɓoye a bayan ɗakin girki, na lulluɓe da tamfal. Bango ɗaya ne tsakaninsu da murhun matata. A cikin 'yan watanni na ƙarar da shi a mota da janareta, na mayar da marfi na ɗaure, na bar su a nan kusan shekara biyu. Bana da na ɗaure raguna don layya, sai na ce bari a raba mini duron nan gida biyu-biyu, su zama abin zuba musu dusa. Na watsa wa kowanne bokitin ruwa, na jujjuya, na zubar, na rufe. A ganina na wanke.

Ranar Asabar, 10 ga wata, da hantsi, na sa aka turo su a kura zuwa shagonka. Ephraim ba ya nan, ya tafi Yola Gari kafa wa wani ƙofa a Wuro Hausa. Queen tana tsaye tana zuba maka abinci. Ka miƙe, ka ɗauko alli daga bayan kunne, ka yi mini tambayar da kake yi wa kowa.

"Hedimasta, me ya taɓa zama a ciki?"

Na dubi Queen, ita ma ni take kallo, ludayi a hannu. Na ce, "Man gyaɗa ne, Hamma."

Ko sake duba na ba ka yi ba. Ka rubuta M.G. a jikin na farko, ka rubuta a jikin na biyu, ka ce in dawo bayan la'asar. Da baƙo ne da ka jira hancin Ephraim. Ni ne, shi ya sa ba ka jira ba. Ban kai ga buɗe ƙofar gidana ba na ji ƙarar.

Washegari na samu ganin ka a asibiti. An naɗe ka duka, ido da baki kawai aka bari. Na durƙusa kusa da kai. Kai ka yi magana, a hankali, ka ce, "Hedimasta, kar a taɓa ɗayan." Ba ka ƙara komai ba. Na ce to. Wallahi abin da na iya cewa ke nan, to.

A zaman makoki a ƙofar masallaci na ji abin da ya fi wannan nauyi. Mutane suna ta cewa tsufa ne ya zo, Hamma ya fara sakaci. Wani ya ce tukunyar gas ɗinka ce ta tsufa ka ƙi canzawa. Mutumin da ya shekara fiye da talatin yana wasa da wuta ko yatsan wani bai taɓa ƙonewa a shagonsa ba, shi ake jingina wa sakaci, ina zaune a kan tabarma ina ji. Ni kuma ana ta dafa kafaɗata. Hedimasta kar ka sa a ranka, ai ba ka sani ba. Wa zai ce duron da babu komai a ciki zai fashe? Ƙaddara ce. Ina ta cewa haka ne, Allah Ya jiƙansa.

Na yi ta juya wannan magana ta ba ka sani ba, domin ina son ta zama gaskiya. Akwai gaskiya a cikinta. Ban san cewa tururin fetur yana zama a rufaffen duro shekara biyu ba. Ban san bokitin ruwa ba ya fitar da shi ba, ban san tartsatsi ɗaya daga injin yanka ya ishe shi ba. Da na san zai kashe ka da ban kai ba, Allah Shi ne shaida. Amma ba wannan ka tambaye ni ba. Ba ka ce in gaya maka ko zai fashe ba, wannan saninka ne, ka kuma riƙe shi da kyau. Abin da na sani ka tambaye ni, abu ɗaya tak, na kuma san shi sarai. Dokar allin nan don jahilai irina ka kafa ta, don kada rashin saninmu ya kashe kowa. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda ƙaddara gaskiya ce. Amma ƙaryar ba sauko da ita aka yi daga sama ba, a bakina ta fito.

Akwai abin da ya fi wannan muni, zan kuma faɗe shi. Duro na biyu yana nan a shago da M.G. a jikinsa, da rubutun hannunka, wanda Ephraim bai taɓa shakka ba. Ka gargaɗe ni ranar Lahadi. Na ce shago a rufe yake, ana jinya. Na ce ana makoki, ba wanda zai kunna inji. Na yi tunanin in aika a ɗauko mini shi shiru, in kai shi bayan gari in yar, sai na ji tsoron a tambaye ni dalili. Kwana shida ina auna ran mutum da mutuncina, ban gama aunawa ba.

Ranar Asabar da safe ina tsakar gida na ji kukan injin yanka daga bakin layi. Ban san lokacin da na fita ba, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Na iso ina haki ina kiran sunan Ephraim. Rodi yake yankawa. Ya kashe injin ya dube ni. Duron yana can gefe, marfi a cire, cike da ruwa, kumfa tana gangarowa ta jikinsa. Queen tana wurin murhunta. Na ce, "Fetur ne. Duka biyun fetur ne. Ƙarya na yi masa."

Ephraim ya ce, "Na sani, Baba. Tun ranan na buɗe shi na ji wari. Na gaya ma Oga a asibiti, ya ce kar na faɗa ma kowa, wai kai za ka zo da kanka." Ya nuna mini rubutun. Ya wanke ko'ina ya bar wurin rubutun bai taɓa ba. Ya miƙo mini allinka, na goge M.G. da hannun rigata, na rubuta F.

Queen ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Ta ajiye ludayi ta ce, "Baba, da ka faɗa ranan, dariya kawai zan yi maka."

Abin da na guda ke nan, Hamma. Dariyar mace ɗaya, wadda ta cancanci ta yi ta.

Da yamma na je gidanka. Na'inna tana takaba, ta bayan labule na yi mata bayani, Usaid yana zaune a gefena kansa a ƙasa. Na gama. Sannan ta ce, "Na ji. A masallaci aka ce ya yi sakaci, ka je can ka faɗa." Na faɗa bayan sallar magariba, a tsaye, a gaban mutanen da na yi wa wa'azi. Na ajiye shugabancin kwamiti. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba tukuna, domin ban ga fuskar da zan roƙa da ita ba. Wannan rubutu cikon umarninta ne, don wanda bai halarci masallaci ba ya ji: Hamajoɗa bai yi sakaci ba. Ya yi tambayarsa kamar kullum, ya yarda da amsar abokinsa.

Duk mai tsohon duro ko jarka ko tanki da ya taɓa shan fetur, kada ya ce ai fanko ne. Kada ya kai shi kusa da wuta, in kuma ya kai wa mai walda ya faɗi abin da ya zauna a ciki, ko da za a yi masa dariya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Na'inna, da Munirat, da Usaid, da jikoki, da dangi na Mubi da na Yola, da Ephraim wanda ya rasa ubangida kuma ɗan'uwa, da Queen. Allah Ya ba ku haƙurin da ban cancanci in roƙe ku ba. Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Hamajoɗa, Ka sanya zafin da ya sha ya zama kankarar zunubansa, Ka haramta wa wuta jikinsa har abada, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce gidansa. Ka tsayar da harshensa a kan amsa ta gaskiya a wurin tambayar kabari. Shi tambaya ɗaya ya yi mini, ban ba shi amsar gaskiya ba.

Nu'uman Jika,
tsohon hedimasta, Karewa, Jimeta.