Kwanukan dubiyar Baba

Ciwon ƙanƙane ne da farko. Salansar babur ta ƙone Baba a ƙwauri, aka shafa man kaɗanya aka manta. Wata biyu wurin bai rufe ba, sai kumburi da ruwa, ni kuma a matsayin babbar 'yarsa na tisa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar ba ta tsaya kan ƙafar ba, tumbin Baba ta tsura wa ido. Ta ce a cikin jini akwai ƙwayoyin da ke tsaron jiki, kamar sojoji. Idan kitse ya yi yawa sai su taru a cikinsa suna ta faɗa da banza, jiki ya zauna cikin kumburi, ciwon gaske kuma ya rasa mai kula da shi. In bai rage ƙiba ba, ƙafar na iya kai shi ga wuƙa. Baba, wanda ya yi shekara talatin yana tara wannan tumbin a rumfar atamfa, ya tambaya ko ba za a iya yi wa sojojin magana ba.

Kuskurenmu shi ne barin labari ya fita. A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma kwano ba ya komawa gidansu da abinci a ciki, cin fuska ne. Dangin da rusau ya watsa daga tsohon Zango suka dinga zuwa daga unguwannin Wemtenga da Paspanga, wannan da farfesun kaji, wannan da shinkafa tana ninƙaya a mai, wata da bokitin zomkom, wato ruwan garin gero, ya sha sukari. Baba mutum ne mai kunya, ba ya iya ɓata wa kowa rai, musamman in da nama. Mako uku yana jinya, zariyar wandonsa ta gaza. Haushi kamar ya kashe ni.

Gwaggo, yayar Baba, ita ce shugabar ɓarna. Kullum da hantsi tuwonta ya iso da man shanu. Rannan Inna ta ɗauki kwanon yadda ya zo, ta kai mata har gida, ina biye ina addu'a.

“Cike kika dawo mini da shi?” in ji Gwaggo.

“Yaya, rejim likita ta sa masa, dokar rage ci. In ya ci gaba da ci, ƙafar za su yanke.”

Na zaci zagi zai biyo baya. Sai Gwaggo ta zauna a kan turmi, ta ce ita ta goya shi a shekarar yunwa, tana jin ƙasusuwansa a bayanta, tun lokacin ba ta iya ganinsa ya rame. Tausayinta ya kama ni.

Washegari ta kafa kujera a zaurenmu. Duk kwanon da ya shigo sai ta karɓa, ta yi godiya a madadin maras lafiya, ta cinye abin da za ta iya, ta tura wa maƙwabta sauran. Ba wanda aka ci wa fuska. Baba yana ɗaki da dafaffen zogale yana jin ƙamshi yana tsaki.

Kafin damina ciwon ya rufe. Ranar da ya fara takawa masallaci, riga na reto a jikinsa, Gwaggo ta juya fuska bango har ya wuce.